Matakin Gudanarwa a Dokar Nijeriya: Ma'anarsa da Iyakarsa, da Misalai daga Bodinga da Shagari

Kalmar "hukunci" a Hausa tana ɗaukar abin da alƙali ya yanke, tana kuma ɗaukar abin da jami'in gwamnati ya zartar a ofis. Doka ta raba su. Na farko aikin shari'a ne, na biyu kuwa shi ne matakin gudanarwa, wato duk abin da jami'i ko hukuma ta aikata, ko ta ƙi aikatawa, da ikon da wata doka ta ba ta, wanda kuma ya taɓa haƙƙin wani mutum. Ba girman muƙami ake dubawa ba. Abin tambaya shi ne daga ina ikon ya fito, kuma wa ya shafa.

A ƙaramar hukuma irin ta Bodinga, mafi yawan waɗannan matakai ƙanana ne a ido. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Saboda haka raba rumfar kasuwa, ko hana mutum takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, duka matakan gudanarwa ne. Batun ƙasa ya fi nauyi. Sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin riƙon ƙasa na gargajiya a wajen birane, har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo, sannan ya ba ta damar karɓar fili don amfanin jama'a, tare da biyan diyyar abin da aka raya a kansa. Idan aka karɓi gonar manomi a Sifawa don gina makaranta, doka ta yarda. Idan aka karɓa don a miƙa wa wani mai faɗa a ji, an wuce iyakar iko, kotu kuma na iya rushe matakin. Sulhun da dattawa suka yi tsakanin magada a zaure ba ya cikin wannan babi, domin ba wata dokar gwamnati ce ta ba su ikon ba.

Shari'ar da ta fi fito da wannan ƙa'ida fili ta faru ne a zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari. A watan Janairu 1980, Ministan Harkokin Cikin Gida, Bello Maitama Yusuf, ya sa hannu a takardar korar Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, zuwa Chadi, bisa hujjar cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta tabbatar cewa ɗan ƙasa ne, ta soke umarnin, domin ikon kora da dokar shige da fice ta bayar bai hau kan ɗan ƙasa ba. Ma'aunin da aka auna minista da shi, shi ne ake auna magatakardan kasuwa da shi.

Akwai kuma haƙƙin a ji ta bakin mutum. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya nemi a ba wanda mataki zai shafa damar kare kansa kafin a zartar. Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, domin littattafan fiƙihu sun daɗe da sanin kotun mazalim, inda talaka ke ƙarar ma'aikacin sarki.

Inda talaka ya fi cutuwa shi ne wa'adi. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal don shigar da ƙara kan abin da jami'i ya yi a bakin aikinsa. Kotuna sun fitar da neman ƙasa da saɓa yarjejeniya daga wannan wa'adi, amma ƙorafe-ƙorafe da yawa suna cikinsa. Mutumin karkara kan fara da mai unguwa, ya je wurin hakimi, ya jira alkawarin kansila, kuma duk wannan zirga-zirga ba ta tsayar da ƙidayar kwanaki. Kafin ya isa gaban lauya a Sakkwato, sau da yawa wata ukun sun cika.