Layin 'Yan Kayan Shafa a Kasuwar Sabon Gari

Kafin idonki ya kai layin 'yan kayan shafa, hancinki ya riga ya isa. Ƙamshin turare, da na hoda, da na man shafawa da rana ta taɓa, duk sun cakuɗe sun cika lungun. Sunan kasuwar a takarda shi ne Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, amma in kika ce wa mai adaidaita haka sai ya tsaya kallonki. Ki ce Bata, ko ki ce Sabon Gari, zai sauke ki inda kike so. Gobarar da aka yi a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna a nan, har yanzu akwai 'yan kasuwar da ke lissafin shekarunsu da ita, su ce kafin gobara ko bayan gobara.

Cinikin kayan kwalliya hawa-hawa ne. A can ciki akwai 'yan sari, waɗanda ba sa son a tambaye su kuɗin abu ɗaya, sai dozin ko katan. A bakin layi akwai masu tebur, sai yara masu baro da faranti da ke bin mata suna kiran "Anti, ga jan baki, ga jagira." Daga nan kayan ke bin dillaliya su shiga gidajen matan da ba sa fita, ko su hau WhatsApp da Instagram a hannun 'yan mata masu sana'ar waya. Hoda ɗaya za ta iya ratsa hannu huɗu kafin ta hau fuska, kowane hannu kuma sai ya ɗora ribarsa. Mafi yawan kayan daga China da Dubai suke, ta hanyar Legas, don haka dala ce ke yanka musu farashi. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, amsar mai shago ɗaya ce in kika yi ƙorafi: "Hajiya, ba mu ba ne, dala ce."

Abin da ya kai ni wannan karon, 'yar yayata ce ta samu gurbin karatu a jami'a, ta ce tana son kayan kwalliyarta na kanta, ta gaji da aron na uwarta. Ta zo da takarda ta jero abubuwa goma sha huɗu, duk daga bidiyon TikTok. Kuɗin da ke hannunmu, in aka bi takardar nan, sai dai a sayi mafi arahar kowane abu. Araha kuwa ba ta ado.

Mun tsaya a shagon wani dattijo. Ya karɓi takardar ya duba, ya yi murmushi, ya ce, "'Yata, amarya ce ke ko mai yi wa amare kwalliya?" Ta ce ɗaliba ce. Ya ce, "To wannan takardar mai shagon kwalliya ce. Ke aji za ki." Na yi mamakin ɗan kasuwar da ke rage wa kansa ciniki, amma daga baya na gane dabara ce irin ta wanda ya daɗe a layi: ya fi son ki dawo sau goma da ya yanke ki sau ɗaya.

Da hoda muka fara, kuma a kanta muka ɓata rabin lokacinmu, muka kashe kusan rabin kuɗinmu. Ban yi nadama ba. Ita ce ke rufe fuska gaba ɗaya, ita ce kuma in aka yi kuskure a kanta kowa zai gani tun daga ƙofar gida. Kuskuren da aka fi yi shi ne mace ta zaɓi wadda ta fi ta haske. Sai ki ga baƙa ko wankan tarwaɗa ta fito fuska fari fat, wuya baƙi, kamar ta faɗa buhun fulawa. Laifin ba na mai saye ba ne ita kaɗai. Shagunan nan duhu gare su, ƙwan lantarkin da ke ciki kuma yakan yaudari ido. Ga shi an saba gwadawa a bayan hannu, alhali launin hannu daban, na fuska daban. A gefen muƙamuƙi ake gogawa, sannan a ɗauki madubi a fito bakin layi inda rana take. Wadda ta ɓace a fata har ba a ganin iyakarta, ita ce taki. Yarinyar nan sai da ta fita ta dawo sau uku. Abin da ya sauƙaƙa wannan nema yanzu shi ne akwai kamfanonin gida irin su House of Tara da Zaron, waɗanda tun farko domin baƙar fata suke haɗa launukansu.

Ta so faundeshan na ruwa, na hana. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ga hijabi, ga cunkoson adaidaita, kafin azahar ya bi gumi ya sauka a kan mayafi. Wannan kayan ranar biki ne, ranar bikin kuma ba ta zo ba.

Sauran ba su ɗauke mu lokaci ba. Jagira mai ruwan ƙasa mai duhu, wadda za ta yi gira ta kuma zagaye leɓe. Jan baki ɗaya wanda bai cika ihu ba, da man leɓe saboda hunturu. Maskara ƙarama. Soson hoda guda biyu, a riƙa wanke ɗaya ana amfani da ɗaya. Faifan nan mai launuka arba'in da ke ɗaukar idon 'yan mata, mun bar shi inda yake. Na san mata da yawa da suka saye shi, uku kawai suka taɓa daga cikin launukan, sauran suka bushe. Gashin ido na mannawa ma mun wuce shi ko waiwaye babu.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi a layin nan, wato jabu. Kusan duk abin da ya yi suna yana da ƙani, wani ma har da ƙanin ƙani: kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, sai dai abin da ke ciki. Mai gaskiya zai tambaye ki, "Na farko kike so ko na biyu?" Marar gaskiya zai ba ki na biyu a kuɗin na farko. Ni kaina an taɓa yi mini. Shekarun baya na sayi wata hoda a hannun mai faranti, ina murna na yi tsintuwa, kwana uku fuskata ta feso da ƙuraje, kuɗin magani ya ninka abin da na ɗauka na rage. Tun daga ranar nake duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, nake shinshina abu kafin in biya. Jan bakin da ya yi warin tsohon mai, ko ya yi gumi a jikinsa, ya sha rana a tebur. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ma shaida ne. Sannan kada ki yarda a goga miki a leɓe ko a ido abin gwajin da mata ɗari suka riga suka taɓa.

Akwai kuma kayan da ba a jerawa a gaba, sai an ga fuskarki a ce, "Anti, akwai haɗi mai kyau, sati biyu kin yi haske." Robobi ne marasa suna, marasa lamba, ba wanda zai gaya miki abin da aka zuba. A 2023 NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, amma ba sai hukuma ta faɗa ba: ki dubi gaɓoɓin yatsun masu shafawa, da kumatun da rana ta ƙone. Da aka yi wa 'yar yayata tayin, kafin in buɗe baki ta ce a'a. Na ji daɗin wannan fiye da duk abin da muka saya.

Ragowar canjin muka ɗauka muka shiga cikin gari, kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A nan kayan adon kakanninmu suke, kuma har gobe su ne masu sauƙin kuɗi: man kaɗanya, sabulun salo, lalle, kurkur. Wanda ya san fata ya san cewa wanka da sabulu mai kyau da shafa mai sun fi hoda aiki, domin hoda a kan busasshiyar fata tsagewa take kamar ƙasar fadama da rani. Na saya mata tandu na fata saboda sha'awa, irin wanda kakarmu ke ratayewa a jikin gado. Kwallin dutse dai ban zuba mata ba. Na san maganar ba za ta yi wa tsofaffi daɗi ba, amma dutsen da ake niƙawa yana ɗauke da dalma, likitoci kuma sun daɗe suna gargaɗi a kansa, musamman a idon jarirai. Kwallin fensir mai lamba ya ishe ta.

In za ki je, ki je da hantsi kafin layi ya cushe, kuma ki kauce wa goman ƙarshe na azumi da jajiberin salla, lokacin da mai shago ba ya ko sauraron tayi. Ki yi tayi ba kunya. In ya ce albarka, ki ƙara kaɗan, in ya ƙi ki taka zuwa shago na gaba, sau da yawa kafin ki yi taku biyar zai kira ki. Mu dai mun fito da abu shida daga cikin goma sha huɗu, duk sun shige 'yar jakar da ba ta fi tafin hannu biyu ba, da kuɗin motar komawa gida a hannunmu.