Hukuncin Tallan Kamasho Ta Intanet Da Hanyoyin Zaburar Da 'Yan Ƙungiya

Tambaya:

Ina jagorantar wani zaure a WhatsApp na masu tallata kayan kamfanoni ta intanet, duk wanda ya kawo mai saye sai kamfani ya ba shi kamasho. Mun haura mutum ɗari biyu, maza da mata, amma masu aiki da gaske ba su kai ashirin ba. An ba ni shawarar in riƙa sa gasa, in riƙa ɗora hotunan alat na kuɗin da ake samu, in sa kowa ya riƙa yabon tallan ɗan'uwansa, sannan in sa kuɗin rajista, wanda ya kawo sabon mutum a ba shi wani kaso. Wanne ne ya halatta a cikin waɗannan?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ita wannan sana'a dillanci ce, sai dai kasuwarta ta koma cikin waya. Kamfani yakan ba mai talla wani adireshi ko lamba ta musamman, duk wanda ya bi ta nan ya saya, kamfanin ya san wanda ya kawo shi, sai ya biya shi la'adarsa. Kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe irin wannan tsari tun shekarar 1996, daga baya kamfanoni irin su Jumia da Konga suka yi nasu a nan Najeriya.

Asalin dillanci halal ne. Imamul Bukhari ya ƙulla babi a kan ladan dillanci a cikin Kitabul Ijara, ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifi a cikinsa ba. Sahabi Ƙaisu bn Abi Garaza, Allah ya ƙara masa yarda, ya ba da labarin cewa a Madina ana kiransu dillalai, sai Annabi sallallahu alaihi wa sallama ya kira su da sunan da ya fi kyau, wato 'yan kasuwa, kuma ya umarce su da cakuɗa cinikinsu da sadaka saboda rantsuwa da yasasshiyar magana da ke shiga cikinsa. Bai hana su sana'ar ba, ya dai nuna musu inda take yoyo.

A fiƙihu wannan ciniki yana ƙarƙashin babin ji'ala, wato mutum ya yi alkawarin lada sananne ga duk wanda ya kammala masa wani aiki. Malamai sun kafa hujja da aya ta 72 a Suratu Yusuf, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mai ji'ala ba shi da komai sai aiki ya cika. Don haka idan kamfani ya ce babu kamasho sai an saya an biya, bai zalunci kowa ba. Akwai saɓani game da lada da aka yanka da kaso, kamar kashi goma cikin ɗari, domin wasu malamai suna ganin ladan bai zama sananne ba. Amma idan farashin kaya a bayyane yake, an san ladan ke nan: kashi goma na naira 20,000 naira 2,000 ne, babu jahilci a ciki. Mai talla kuma bai faɗa cikin hanin sayar da abin da bai mallaka ba, tunda kamfani ne mai sayarwa, shi haɗawa kawai ya yi. Sharaɗin da ba a sassauta shi shi ne kayan su zama halal. Tallata kamfanin caca, ko manhajar bashi da ruwa, ko maganin da ake jingina masa abin da ba ya yi, kamashonsa haram ne ko da mai tallan bai taɓa amfani da su ba, saboda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo.

To, mu zo kan shawarwarin da aka ba ka. Gasa ta halatta idan kyautar daga aljihunka ta fito ko daga kamfani, kuma masu shiga ba su biya komai ba. Ka ce wanda ya fi kowa ciniki a wannan wata yana da waya ko data, wannan ita ma ji'ala ce. Amma idan kowa zai zuba naira 1,000 sannan wanda ya zo na ɗaya ya kwashe, ta zama caca, don kowannensu ya shiga ne tsakanin ci da asara. Ka fayyace sharuɗɗa tun farko, kar ka canza su bayan an fara, kuma ka cika alkawari a kan lokaci. Hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito ya sanya wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Ka lura kuma kar gasa ta kai talaka ga ciwo bashi ya sayi kayan da kansa don sunansa ya hau sama.

Batun hotunan alat shi ne inda mafi yawan jagorori suke zamewa, kuma da yawansu ba sa ɗaukarsa ƙarya. Akwai wanda yake ƙirƙirar hoton gaba ɗaya. Akwai wanda yake tura wa kansa kuɗi daga wani asusunsa ya ɗauki hoto. Akwai mai aron motar aboki ya tsaya a jikinta. Hukuncin waɗannan a fili yake. Asma'u 'yar Abubakar, Allah ya ƙara musu yarda, ta ruwaito cewa wata mata ta tambayi Annabi sallallahu alaihi wa sallama ko akwai laifi ta nuna wa kishiyarta cewa mijinsu ya ba ta abin da bai ba ta ba, sai ya kamanta mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Idan haka ne a kan abin da iyakarsa ya ƙona ran kishiya, ina ga wanda zai sa ɗalibi ya cire kuɗin makarantarsa, ko matar aure ta sayar da 'yan kunnenta?

Akwai kuma wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Alat ɗin gaskiya ne, amma an nuna naira 300,000 da suka shigo, ba a faɗi 250,000 da aka kashe wajen biyan talla a Facebook ba. Ko a yi ta nuna mutum biyar da suka samu, a yi shiru a kan ɗari da casa'in da biyar da ba su taɓa sayar da komai ba. Wannan shi ne ainihin tarin abincin da Annabi sallallahu alaihi wa sallama ya cusa hannunsa a ciki a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Idan za ka nuna samu, ka nuna shi da abin da aka kashe, da tsawon lokacin da aka ɗauka, ka kuma faɗa wa sabbin shiga gaskiyar adadin masu samu a zaurenka. Kai da bakinka ka ce ba su kai ashirin ba cikin ɗari biyu. Wanda ya zauna bayan ya ji wannan, shi ne zai yi aiki. Ni dai shawarata a rage wannan nune-nune ko da gaskiya ne, don yana haifar da hassada da kambun baka, kuma yana karya zuciyar wanda bai samu ba fiye da yadda yake zaburar da shi.

Yabon tallan juna kuwa kashi biyu ne. Ɗan'uwa ya yaɗa tallan ɗan'uwansa ko ya yi masa addu'ar albarka, wannan taimakon juna ne. Amma a tara mutum talatin su rubuta sun saya sun ji daɗi alhali ko ganin kayan ba su yi ba, wannan shaidar zur ce, kuma ɗan'uwan najashu ne. Najashu shi ne wanda ba shi da niyyar saye ya riƙa ƙara farashi ko zuzuta kaya don wani ya ruɗu, kuma hani ya tabbata a kansa a hadisin Ibn Umar. A kasuwar dabbobi an san masu yin haka, sukan tsaya kusa da sa suna taya shi da tsada. Abin da ya canza kawai, yanzu da yatsa ake yi. Sayen mabiya na bogi don a ga shafi ya cika shi ma nan ya faɗa.

Wani abu da ya kamata ka koya wa mutanenka: yawancin cinikin sabon shiga da danginsa da abokansa yake farawa. Idan ƙanwarsa ta tambaye shi wace waya za ta saya, shawara take nema, kuma hadisi ya nuna wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Bai halatta ya tura ta ga wadda kamashonta ya fi tsoka ba alhali ya san akwai wadda ta fi dacewa da ita. Ya gaya mata cewa yana da la'ada a ciki, ba ya rage masa komai.

Sai babbar magana, wato kuɗin rajista da kason wanda ya kawo sabon mutum. A nan tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: kuɗin da 'yan ƙungiya suke samu daga ina yake fitowa? Daga masu sayen kaya don suna buƙatarsu, ko daga aljihun sabbin shiga? Idan kana koyar da ilimi na gaske, kamar rubuta talla da ɗaukar hoton kaya da lissafin riba, ka yanka kuɗin koyarwa daidai ƙimarsa, wanda mutum zai yarda ya biya ko da babu alkawarin samu a bayansa, wannan ijara ce, halal ce. Amma idan abin da ake sayarwa kwas ne da ba ya koyar da komai sai yadda za a sayar da shi wannan kwas ɗin, ko kaya ne na naira 3,000 da aka sa wa 30,000 don a samu abin rabawa, to kayan labule ne kawai. Mutum ya ba da kuɗi ne yana fatan kuɗin da ya fi shi, bai san zai dawo ko ba zai dawo ba. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta wannan tsari mai hawa-hawa a shekarar 1425 bayan Hijira, ya kafa dalili da riba da garari da yaudara da cin dukiyar mutane da ɓarna, kuma ya bambanta shi da dillanci: dillali ana biyansa don ya sayar, a nan kuwa shi ne yake biya don a ba shi damar jawo wasu.

Lissafi ma ya isa hujja. A ce dole kowa ya kawo mutum biyar kafin ya mayar da kuɗinsa. Hawa na farko biyar, na biyu 25, na uku 125. A hawa na goma sha biyu kaɗai ana buƙatar mutum sama da miliyan 244, wato kwatankwacin duk mutanen Najeriya har da jarirai. Dole ne abin ya tsaya, kuma a duk inda ya tsaya waɗanda ke hawan ƙarshe sun fi duk na samansu yawa, su ne kuma masu asara. An ga ƙarshen cin kuɗin sabbin shiga lokacin da MMM ta rufe asusun mutane a watan Disamban 2016. Idan wani ya ce ai kowa da yardarsa ya shigo, sai a ce masa mai caca ma da yardarsa yake zubawa, yarda ba ta halatta abin da shari'a ta hana.

Wannan bai shafi kyautar da kamfani yake ba wanda ya kawo masa sabon mai talla ba, idan sabon bai biya komai ba kuma kyautar daga ribar ciniki ta fito. Haka idan kamfani ya ware maka wani abu a kan cinikin waɗanda kake horarwa kana bibiyarsu, ladan aikinka ne.

Game da mutum ɗari da tamanin da suka yi sanyi, yawanci abin da ke kashe gwiwar sabon shiga shi ne ya yi wata guda yana ƙona data bai sayar da ko ɗaya ba. Magani shi ne ya ga cinikinsa na farko. Ka haɗa kowane gwani da sabbi uku ko huɗu ya riƙe hannunsu. Ka zaɓo musu kayan da mutanen unguwarsu suke buƙata kuma suke iya saye, wanda ka gwada da kanka. Ka tsaya musu idan kamfani ya riƙe kamashonsu, wannan kaɗai yana sa mutane su riƙe jagora. Ka ba da dama a faɗi aibin kaya ba tare da an kori mai faɗa ba, domin jagoran da yake goge ƙorafi ya bar yabo ya shiga ɓoye aibi. Wanda kuma ya ga sana'ar ba ta karɓe shi ba, a sallame shi da mutunci, kar a ce masa rago ko marar tawakkali. Ka guji amfani da ayoyin arziki da tawakkali wajen matsa wa mutane su biya kuɗi, wannan cin duniya da addini ne.

Tunda akwai mata a cikinku, kasuwanci halal ne gare su, sai dai a tsare iyaka. In da hali a ware musu zaurensu da mace mai kula da shi, a hana bin mata ta saƙon sirri da sunan koyarwa, kar kuma a sa su talla da hotunan jikinsu. Darussan kai-tsaye a kauce wa lokutan salla.

Idan kuwa an riga an karɓi kuɗin wasu ta hanyar hoton ƙarya ko rajistar da babu komai a bayanta, tuba ba ta cika sai an mayar wa masu haƙƙi haƙƙinsu. Wanda aka sani a mayar masa ko a nemi yafiyarsa bayan an gaya masa gaskiya, wanda aka neme shi aka rasa a yi sadaka da kuɗin a madadinsa.

Allah ne mafi sani.