Wasiƙun Cohn da Hemingway a Matsayin Madogarar Nazari

A shekarar 1930 ne Louis Henry Cohn, wani mai sayar da littattafai a New York, ya shiga rubuta wa Ernest Hemingway wasiƙu domin tantance inda aka fara buga kowane aikinsa da adadin kwafin. Tambayar tana da dalili: littafin Hemingway na farko kwafi 300 kacal aka buga a Faransa a 1923, wasu labaransa kuwa sun warwatsu cikin ƙananan mujallu. Hemingway bai ga hikimar yi wa marubuci mai rai irin wannan ƙididdiga ba, amma ya amsa, kundin kuma ya fito a 1931. Wasiƙun suna Jami'ar Delaware, inda manazarci zai iya auna abin da marubucin ya tuna da abin da bugun farko ya nuna.