Abin da ajin farko ke nema daga iyayen Anloga

A makarantun gwamnati na Kumasi aikin yini kan fara tun kafin malama ta ɗauki alli. Yara su share fili, a buga ƙararrawa ko a kaɗa ganga, su jeru layi-layi, a yi addu'a, a rera taken ƙasa, a karanta alkawarin biyayya ga Ghana, a duba farce da inifam, sannan a yi maci zuwa aji. Da an zauna sai kiran suna. Yaron da ya iso bayan ƙarfe tara ba fareti kaɗai ya wuce shi ba. Ya rasa lokacin da kansa ke wartsake, kuma in abin ya zame masa jiki, kafin zango ya ƙare an bar shi a baya nesa ba kusa ba.

Anloga unguwa ce a Kumasi da ta ɗauko sunanta daga garin mutanen Ewe na yankin Volta, waɗanda suka shahara a nan da sana'ar katako har zuwa lokacin da aka mayar da masu sana'ar Sokoban domin a fitar da hanyar Oforikrom zuwa Asokwa. Tana maƙwabtaka da Oforikrom da Aboabo, don haka a tsakar gida ɗaya kana iya jin Hausa da Ewe da Twi da Dagbani. Wannan arziki ne. Amma ranar da yaro ɗan shekara huɗu ya shiga aji, arzikin nan kan zame masa kaya.

Tun gyaran tsarin ilimi na 2007, shekara biyu na KG, wato ajin share fagen firamare, sun zama ɓangaren ilimin tushe, sai firamare shekara shida, sai ƙaramar sakandare shekara uku. Manufar ƙasa ita ce daga KG zuwa aji uku a riƙa koyarwa da harshen gida, Turanci na shigowa a hankali. Sai dai cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyinsu akwai Twi na Asante da Ewe da Dagbani da Gonja da sauransu, babu Hausa. Ke nan ɗan zango, wato ɗan unguwar Hausawa, a Kumasi zai tarar malama na magana da Twi ko Turanci, da yamma malam na biya masa Larabci, a gida kuma Hausa ake yi masa. In ya yi shiru a makonnin farko, ba daƙiƙi ba ne, sauraro yake yi. Na ga iyaye da yawa sun yanke wa ɗansu hukunci a daidai wannan gaɓa, kuma abin yana ba ni tausayi, domin yaron ya fi kowa a gidan aiki da kwanya.

Matsalar karatu kuma ba ta zango ce kaɗai ba. Gwajin da Hukumar Ilimi ta Ghana ta yi wa 'yan aji biyu a 2013, aka maimaita a 2015, ya nuna kimanin rabinsu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, masu karatu tiryan-tiryan da fahimta kuwa ba su wuce biyu cikin ɗari ba. Sabon manhajin da aka fara a 2019 ya mayar da hankali ga sautin haruffa, da ƙirga da tsakuwa ko murfin kwalba, da waƙa, da labari, da aiki rukuni-rukuni. A nan ne ake samun saɓani da gida. Uban da ya tashi da allo da tawada ya san karatu da murya sama da maimaici, ya san malami da bulala. Ya buɗe jakar 'yarsa ya ga littafi bai cika ba, ya tambaye ta me aka yi yau ta ce an yi wasa, sai ransa ya ɓaci, har ya fara neman makarantar kuɗi inda ake sa ɗan shekara huɗu ya kwafi shafi guda na abin da bai gane ba.

Wani bincike da aka yi a makarantun KG 240 a yankin Accra tsakanin 2015 da 2016, wanda Sharon Wolf da abokan aikinta suka jagoranta, ya taɓo wannan wuri. Inda aka horar da malamai su koyar ta hanyar wasa da lallami, yara sun ƙara shirin karatu. Inda kuma aka haɗa horon da tarukan wayar da kan iyaye, ribar da yaran suka samu sai ta zube. Ni darasin da na ɗauka shi ne, abin da uwa da uba suke tsammani yana bin yaro har cikin aji, kuma taro ɗaya ko biyu ba ya sauya shi. Malamar da aka tsare a bakin ƙofa ana ce mata, "Madam, ki dake shi, ki ba shi aikin gida da yawa," sannu a hankali za ta koma wa abin da aka fi yaba mata a kai.

Batun duka ma an riga an rufe shi. Hukumar Ilimi ta hana bulala a makarantu a 2017, ta kuma jaddada a farkon 2019 tare da ba malamai wasu hanyoyin horo: gargaɗi, janye wata dama, sa yaro ya gyara ɓarnar da ya yi, kiran iyaye. Duk wanda ya ce wa malami "nama naka, ƙashi nawa" a yau, yana tura shi ne ga laifin da zai iya taɓa aikinsa.

Abin da aji ke bukata daga gida ba ya neman uwa ta iya Turanci. Barci da wuri ya fi komai wuya a gidan haya mai cike da jama'a da talabijin, amma ɗan firamare yana bukatar awa tara zuwa goma sha biyu. Sai koko da ƙosai kafin a fita. Shirin ciyar da 'yan makaranta da aka fara a 2005 abinci ɗaya ne a yini, ba kowace makaranta ke cikinsa ba, kuma an sha ganin masu dafawa sun ajiye tukwane saboda bashin da suke bin gwamnati. Sai fensir da littafin rubutu, domin tallafin da gwamnati ke ba makarantu a kan kowane ɗalibi ya soke kuɗin makaranta ne, bai cika jakar yaro ba. Sai babba da zai riƙe hannunsa su tsallake titi, musamman wajen mahaɗar Anloga inda motocin Accra da motocin haya na trotro ba sa jiran kowa. Haka nan biki da suna da tallan safe kada su ci ranar makaranta, don aikin aji na yau da kullum yana shiga makin ƙarshen zango.

Makarantar allo ba kishiyar boko ba ce. Yaron da ya saba zama gaban malam, ya saba sauraro da bita, ya riga ya samu tarbiyyar da aji ke so. Tun 1987 akwai sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin Hukumar Ilimi, wanda ke kula da makarantun da suka haɗa boko da Arabiyya, kuma suna da yawa a unguwannin Asawase da Aboabo. Abin lura kawai shi ne lokaci: in an tashi boko da rana, a bar yaro ya ci abinci ya huta kafin ya ɗauki allo, a kuma yi magana da malam kan dararen da karatu ke kaiwa har bayan isha'i.

Hirar gida kuwa a yi ta da Hausa ba tare da jin kunya ba. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ƙirga canjin kuɗi a teburin waakye, tambayar yaro ya ba da labarin abin da malama ta karanta yau, duk suna gina kalmomi da tunanin da zai ɗora Twi da Turanci a kansu. Sannan a riƙa leƙa makaranta ba sai ranar karɓar sakamako ba. Uwa ta je ta gaida malama, ta faɗa mata harshen da ake yi a gida, ta tambaye ta haruffa nawa yaron ya gane da sautinsu, da wane ne yake ba shi wuya, a ba ta su a takarda yayansa ya riƙa bita da shi bayan magariba.