Tafiyar Lomar Tuwo Daga Baki Zuwa Jini

Hausawa sukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Masu maganar suna nufin mutum ya iya riƙe asiri, amma da likita za a faɗa wa, shi ma zai yarda da ita ta wata fuskar. Gama akwai gidaje da yawa da ake kwana da ƙoshi kullum, rumbu da hatsi, murhu da wuta, duk da haka sai ka ga yaro ya rame, gashin kansa ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura, uwarsa kuma tana fama da jiri. Dalili kuwa shi ne abinci ba ya amfanar mutum sai ya narke, ya ratsa bangon hanji, ya shiga jini. Abin da bai kai ga jini ba, baƙo ne mai wucewa. Saboda haka, 'yan'uwa masu karatu, bari mu bi lomar tuwo guda ɗaya tun daga baki har inda tafiyarta ta ƙare, domin mu ga abin da jiki yake ɗauka, da abin da yake hana shi ɗauka.

BAKI DA MAƘOSHI

Hanyar abinci bututu ne guda ɗaya, daga baki har dubura, tsawonsa a jikin babban mutum ya kusa mita 9. Aikin farko na haƙora ne. Babba yana da 32, yaro kuwa yana da 20 kafin ya yi famfara. Sa'ad da haƙora suke niƙa, miyau yana jiƙawa, kuma jiki yakan yi miyau wajen lita 1 ko fiye a kowace rana. A cikinsa akwai wani sinadari mai mai da sitaci sukari. Mai son gwadawa ya daɗe yana tauna burodi ko farar shinkafa, zai ji zaƙi ya fara fitowa. Tuwo dai akan haɗiye shi ne, da yake dutsen niƙa da muciya sun riga sun rage wa haƙora aiki. Amma nama da gyaɗa da dafaffiyar masara sai an tauna su sosai. Iyaye mata sun sha ganin ƙwayar masara ta fito a kashin yaro yadda ta shiga. Wannan ƙwayar ba ta ba shi kome ba.

A can cikin wuya hanya ta rabu biyu: maƙogwaro ya nufi huhu da iska, maƙoshi ya nufi tumbi da abinci. Duk sa'ad da muka haɗiye, wani ɗan marfi yakan rufe hanyar iska. In abinci ya riga marfin, sai mutum ya ƙware. Da ma ba a banza manya suke hana surutu a kan akushi ba. A nan ne kuma hatsarin ɗura yake. Yaron da aka danne, aka toshe masa hanci, ana zuba masa kunu yana kuka, hanyar iskarsa a buɗe take, kunun yana iya faɗawa huhu ya zama ciwon haƙarƙari, ko ya shaƙe shi nan take. Cokali da haƙuri sun fi ɗura. Maƙoshi kansa tsawonsa wajen santimita 25 ne, naman bangonsa ne yake matsa loma sannu-sannu har ta sauka.

TUMBI

Tumbin mutum jaka ɗaya ce, ba kamar na saniya mai ɗakuna 4 ba. Yana fitar da ruwa mai tsananin tsami wanda yake kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci, ya kuma fara narkar da nama da wake da ƙwai. Yana dama abincin kamar yadda ake dama fura, awa 2 zuwa 4, sa'an nan ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa hanji.

Yadda aka san wannan, abin mamaki ne. A shekarar 1822, a tsibirin Mackinac na Amurka, bindiga ta tashi ta huda cikin wani saurayi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin. Likitan soja William Beaumont ya yi jiyyarsa ya warke, sai dai hujin da ke tumbinsa bai rufe ba. Likitan ya riƙa ɗaura ɗan yankin abinci da zare, ya zura ta hujin, ya janyo bayan ɗan lokaci ya duba yadda ya narke. A 1833 ya buga abin da ya gano, shi kuma St. Martin ya rayu har 1880.

To, me ya hana wannan ruwan tsami ya cinye tumbin kansa? Wani yauƙi ne mai kauri da ya shafe bangon. In yauƙin ya sami rauni, sai gyambon ciki ya kama, wanda jama'a suke kira olsa. An daɗe ana ɗora laifin a kan yunwa da yaji da damuwa, har likitoci biyu na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce take haddasa mafi yawansa. A 1984 Marshall ya sha ƙwayar da kansa, tumbinsa ya kamu. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Abu na biyu mai kawo gyambon shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki, irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda manoma da leburori suke saye a kanti suna sha kullum. Ke nan gyambon ciki yana da magani a asibiti. Madara da kanwa lallashi kawai suke yi. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, kada ya kwana bai ga likita ba.

ƘARAMIN HANJI

Daga tumbi lomarmu, wadda yanzu ta zama kamar kunu, sai ta shiga ƙaramin hanji. Kaurinsa ne ƙarami, amma tsawonsa ya kai mita 6. A bakinsa gaɓoɓi biyu suke zubo ruwansu. Ta fari ita ce hanta, mai yin ruwan ɗaci da ake tarawa a matsarmama. Duk macen da ta taɓa gyara kaza ta san wannan 'yar koriyar jaka da ake cirewa a hankali don kada ta fashe. Ruwanta yana farfasa mai kamar yadda sabulu yake yi wa kwanon miya. Ta biyu tana kwance a bayan tumbi, likitoci suna kiranta fankiriyas. Ita take ba da ruwan da yake ƙarasa narkar da sitaci da nama da mai, ita ce kuma take yin insulin, wanda matsalarsa take kawo ciwon sukari.

Bangon ƙaramin hanji yana da 'yan tsirarraki miliyoyi, kamar gashin tawul. Da za a shimfiɗa su, da sun rufe daɓen ɗaki mai mita 5 a faɗi, 6 a tsawo. Ta nan abinci yake ratsawa. Jinin da ya kwaso shi kuwa hanta yake fara kai wa, ita ta tace, ta ajiye na ajiyewa, ta sallami saura zuwa ga sassan jiki. Don haka duk abin da muka zuba a ciki, ita take fara karɓar dukansa. Yawan giya da burukutu yana ƙona ta har ta ƙandare. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da dafi mai iya kawo sankarar hanta. A shanya amfanin gona ya bushe sarai kafin a zuba a rumbu, a tsince ruɓaɓɓu a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da su.

BABBAN HANJI

Abin da ya rage yakan wuce babban hanji, mai tsawon mita 1 da rabi. Aikinsa shi ne tsotse ragowar ruwa. A cikinsa akwai ƙananan halittu masu amfani, ba su ƙidayuwa, suna cin abin da ya gagari hanji narkarwa, irin su dusar hatsi da ɓawon wake da jijiyar ganye. Wannan ne yake tausasa bayan gida. Mai cin farar shinkafa da burodi kullum, ba ganye, ba isasshen ruwa, shi yake fama da taurin bayan gida, yunƙuri kuma ya jawo masa basir. Dukan tafiyar, daga baki zuwa masai, takan ɗauki kwana 1 zuwa 3.

ABIN DA JINI YAKE JIRA

Hanji ba ya ƙirƙiro abin da ba a ba shi ba. Jiki yana bukatar abinci iri uku. Akwai masu ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, acca, shinkafa, doya, rogo, da mai. Akwai masu gina jiki: wake, waken soya, gyaɗa, gurjiya, ƙwai, kifi, nama, nono. Akwai masu tsare jiki daga cuta: zogale, rama, alayyafo, kuka, kabewa, karas, gwanda, mangwaro, lemo, gwaba. Tuwo da miyar da ruwa ya yi mata yawa, kashin farko ne kusan zalla.

Wanda ya fi shan wahalar wannan shi ne yaron da aka yaye. A shekarun 1930, a asibitin yara na Akara, cikin ƙasar da yau ake kira Ghana, likita Cicely Williams ta lura da yara masu kumburi da saɓar fata, waɗanda aka cire daga nono aka bar su da kunun masara. A 1935 ta rubuta sunan da mutanen Ga suke kiran ciwon, wato kwashiyoko, ciwon da yake kama yaro in an yi masa ƙane. Mai shekara 1 tumbinsa bai fi kofin shayi babba ba. In aka cika shi da tsinkakken koko, ruwa aka ba shi, ga shi kuwa ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa suna tsakiyar ginuwa.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sa'an nan a fara ƙarin abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Daga wata 9 yaro ya ci sau 3 ko 4 a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kunun ya yi kauri har ya tsaya a cokali. A soya hatsi awo 3 da waken soya ko gyaɗa awo 1, a niƙa tare, gama abin da hatsi ya rasa na gina jiki wake yana da shi. A zuba ɗan manja, domin bitamin A, mai hana dundumi, yana cikinsa, kuma wannan bitamin ba ya ratsa hanji sosai sai da mai. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana cikin hanta da nama da wake da ganye. Lemo ko tumatir a kan abinci yana taimakon shigarsa, shayi kuwa yana tare shi, don haka mai ciki ta raba lokacin shayi da na abinci. Gishiri kuma a sayi mai aidin, maganin maƙoƙo ke nan.

Sai maganar da ta shafi mu maza. Da kaka mukan sayar da wake da gyaɗa kaf, mu bar wa gida dawa. Ƙwai ya tafi kasuwa, tsokar da ke miya ta tafi kwanon maigida, har wasu suna cewa ƙwai yana koya wa yaro sata. Wannan magana ba ta da tushe. Babba ya gama girma, yaro da mai ciki da mai goyo su suke gini. A ware musu tiya kaɗan na wake da gyaɗa tun kafin ɗan kasuwa ya zo da buhunsa.

ƁARAYI BIYU

Ko an ba da abinci mai kyau, akwai masu tare shi a hanya. Na fari zawo ne. Yana kore abinci kafin hanji ya tsotsa, yana kwashe ruwan jiki, ƙaramin yaro kuwa yana iya mutuwa cikin kwana 1 ko 2. Masana sun gano cewa ko ana cikin zawo, in sukari da gishiri suka haɗu daidai, sukan ratsa bangon hanji su ja ruwa tare da su. Wannan shi ne asirin ruwan gishiri da sukari, wanda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yayata a Nijeriya sa'ad da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ƙunshin ORS na asibiti ya fi, a dama shi yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami tsabtataccen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Tun 2004 an ƙara da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Kada a hana yaro nono ko abinci don yana zawo. In ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, ko aka ga jini a kashinsa, sai asibiti ba jira.

Na biyu tsutsar ciki ce. Wata tana cin abincin yaro tun yana hanji. Wata tana shiga ta tafin ƙafa daga ƙasar da aka yi bayan gida, ta maƙale a hanji tana shan jini. Tsila kuwa tana zuwa ta naman shanu ko na alade da bai dahu ba. Maganinsu masai mai marfi, takalmi, wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan fitowa daga masai, dafa nama ya dahu har ciki, da karɓar maganin tsutsa in ma'aikatan lafiya sun kawo.

'Yan'uwa, yawancin abin da muka lissafa yana gonakinmu da bayan ɗakunanmu. Yau da dare, in an sauke tukunya, maigida da uwargida su leƙa kwanon ƙaramin yaron gidan, su duba ko iri ukun nan suna ciki. In ɗaya ya ɓace, gobe a nemo shi. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya, amin.