Koyon Turanci: Ma'anar Kalmar "Hostile" Da Yadda Ake Amfani Da Ita

Masu sauraron labarun Turanci a rediyo da masu zuwa kotu sukan ji kalmar "hostile". Mutanen Ingila suna furta ta kamar "hostayil". Asalinta daga harshen Latin ne, daga kalmar "hostis", wato abokin gaba. Ma'anarta ita ce nuna gaba ko ƙiyayya a fili.

Mutane da yawa suna ɗauka ɗaya take da "unfriendly", alhali akwai bambanci. "Friend" shi ne aboki, "friendly" kuma mai fara'a. In an sa "un" a farkon kalma sai ta juya ma'ana. Don haka "unfriendly" shi ne mutum marar sakin fuska, wanda in an gaishe shi sai ya amsa da ƙyar. Shi kuwa "hostile" ya wuce nan, ya riga ya ɗauke ka abokin gaba, yana iya zagi ko kai hannu.

Ga misali. In an ce "The clerk was unfriendly", ana nufin akawu ya ɗaure fuska, bai yi maraba da mutane ba. In kuwa aka ce "The crowd was hostile", to jama'a sun taso da fushi ke nan, sai a yi hattara.

Ana amfani da kalmar a wasu wurare kuma. A kotu, "hostile witness" shi ne mai shaidar da ya juya wa wanda ya kawo shi baya. "Hostilities" kuma faɗa ne na yaƙi, irin wanda aka yi a Nijeriya daga 1967 zuwa 1970. Har wuri ma akan kira shi "hostile" in zama a cikinsa yana da wuya ƙwarai, kamar tsakiyar hamada. Amma kada a haɗa ta da "hostel", wato ɗakin kwanan ɗalibai.

Sanin wannan bambanci yana da amfani ga mai rubuta wasiƙa ko takardar koke. A ce manomi ya je ofis neman taki, ma'aikaci bai sakar masa fuska ba. In ya rubuta cewa ma'aikacin "hostile" ne, ya zarge shi da gaba, kuma ana iya cewa ya kawo hujja. Ƙaramar magana sai ta zama babba. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka sa hannu. Wanda ya ba wani ya rubuta masa, ya nemi a fassara masa kafin ya dangwala.

Aikin wannan wata: mai karatu ya rubuta jimla ɗaya da kowace kalma cikin biyun, ya nuna wa malamin ajinsu.