Ko Ya Kamata A Ciyar Da Maciji Sa'ad Da Yake Saɓa?

Cikin hunturun da ya wuce, muna zagayen duba ɗalibanmu waɗanda aka rarraba makarantun birnin Zariya domin gwajin koyarwa, sai muka iske wani al'amari a wata makaranta da ke kusa da ganuwa, wanda muka ga ya kamata mu bayyana wa malamai 'yan'uwanmu. Malamin da ke koyar da sanin halittu a can yana da wata ƙaramar mesa cikin akwati, irin wadda in ta tsorata takan dunƙule kamar gammo ta ɓoye kanta a tsakiya. Wani maharbi ne ya kawo masa ita daga kudancin Zazzau tun da damina, tana kuwa cin ɓera ɗaya kowane kwana 10, yara suna kallo suna rubutawa. Ran nan aka wayi gari fatarta ta dushe, idanunta sun yi fari kamar mai yana, aka ba ta abinci ta ƙi. Da malamin ya ga ƙin ya yi tsawo, ran Juma'a da za a tashi sai ya jefa mata ɓera mai rai, ya rufe akwatin ya tafi gida. Ran Litinin ya tarar da ɓera garau a kusurwa, ya gwigwiye bayan mesar wuri biyu har nama ya bayyana.

Da muka tambaye shi dalili, ya ce tsoron alhaki ya ji, gama tun yana yaro ya san labarin matar nan da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ta nema ba. Ba mu ga laifin wannan tsoro ba ko kaɗan. Wanda ya tsare dabba, cinta da shanta sun hau wuyansa. Amma cikin kyanwa dabam, na maciji dabam, a nan ne kuskuren ya shigo.

Amsarmu a taƙaice ita ce a ƙyale shi. Macijin da ya shiga saɓa, ruwa yake bukata da laima da zaman lafiya, abinci ya jira sai ya tuɓe. Ga dalili.

Fatar mutum kullum tana zuba kaɗan-kaɗan ba mu sani ba, sai ko da hunturu mu ga jiki ya yi furu-furu. Shi maciji sai ya tara tasa ya tuɓe gaba ɗaya. In lokaci ya yi, sabuwar fata takan tsiro ƙarƙashin tsohuwa, sa'an nan wani ruwa-ruwa ya shiga tsakaninsu ya raba su. To, maciji ba shi da murfin ido, shi ya sa ba ya ƙiftawa. Wani ɓawo ne garai-garai kamar gilashi ya rufe masa kowane ido, shi ma kuwa cikin fatar yake. Ruwan nan da ya shiga ƙarƙashinsa shi ke sa idon ya yi fari ko shuɗi-shuɗi. Watau ba ciwo ba ne, ba kuwa tsufa ba ne. Yakan yi kwana 3 zuwa 5 haka, ba ya gani sai dishi-dishi. Daga nan idon ya washe, mai kiwo ya zaci an gama, alhali da saura, sai bayan waɗansu 'yan kwanaki ya goga hancinsa jikin dutse ko itace, fatar ta tsage a leɓe, ya sulale ya fita ya bar ta a juye kamar safar da aka cire da gaggawa. Daga fari zuwa ƙarshe abin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Ƙaramin maciji mai saurin girma yana iya yi kowane wata ɗaya ko biyu, babba kuwa sau 2 zuwa 4 a shekara.

Mako biyu ba ci, a wurin maciji ba kome ba ne. Jikinsa ba ya hura wutar kansa kamar namu, ɗumin rana da na ƙasa yake ara, don haka abin da yake ƙonawa kaɗan ne ƙwarai. Irin wannan mesa mai dunƙulewa, wadda ake kwasa dubbai daga Gana da Togo da Benin ana kai wa masu kiwo a Amurka da Turai, an san ta da yin watanni ba ta ci ba, tana nan lafiya lau. Ci ne ma ke ba ta wahala. Masana da suka gwada manyan mesoshin Asiya sun ga cewa bayan haɗiye babbar dabba, aikin jikinsu yakan ninka har fiye da sau 40, hanji ya kumbura, ciki ya cika da ruwan narkarwa. Maciji mai saɓa ya riga ya tura ruwan jikinsa wajen raba fata, in aka ɗora masa narkar da abinci an haɗa masa aiki biyu. Sau da yawa sai ya amayar, aman maciji kuwa yakan raunana shi fiye da yunwar wata guda.

Kada mu ƙara wa magana gishiri. Abinci lokacin saɓa ba guba ba ne. Akwai macizai masu haɗama da ke ci ko idonsu na fari, su narkar, su tuɓe lafiya, masu kiwo a Ingila da Amurka ma ba su daina gardama a kan wannan ba. Abin da ba su gardama a kai shi ne ɓera mai rai. Macijin da ba ya gani, ba ya kuma jin yunwa, ba zai kai hari ba, sai ya naɗe ya yi shiru, ɓera mayunwaci kuwa ba ruwansa da wane ne sarki cikin akwati. Wanda ya matsu sai ya gwada, to ya ba da mataccen ɓera wanda kaurinsa bai wuce kaurin macijin ba, in safiya ta yi ba a taɓa ba ya ɗauke.

Amma a ƙasarmu babban abokin gaban mai saɓa hunturu ne. A watan Janairu laimar iskar Zariya takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana, alhali a watan Agusta takan haura 70. Mesa a daji ta san dabararta, rami take shiga ko tsohon suri, inda ƙasa ke riƙe da danshi ko da rani. Wadda aka sa cikin akwatin katako a gefen taga ba ta da wannan mafita. Sai fatar ta bushe a jikinta, ta fita guntu-guntu. Wadda ta maƙale a wutsiya takan ɗaure ta kamar zobe har jini ya daina kaiwa, ƙarshen wutsiyar ya mutu. Wadda ta maƙale a ido kuwa, in ta taru sau biyu sau uku, tana iya jawo makanta. Maganin ba ya cin ko kwabo: kasko mai faɗi cike da ruwa wanda za ta iya kwantawa ciki, tukunya a kife da aka fasa mata ƙofa aka shimfiɗa ɗanyen ganye ko jiƙaƙƙen tsumma, da dutse mai kaushi na goga. In an ga saura a jiki, a bar ta cikin ruwa mai ɗan ɗumi marar zurfi kamar minti 20, sa'an nan ta ratsa cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Na ido kada kowa ya sa farce, aikin likitan dabbobi ne.

Kuma a hana yara ɗaukarta cikin waɗannan kwanaki. Dabbar da ba ta gani, kowane motsi maƙiyi ne a wurinta, mesar da ba ta taɓa cizo ba tana iya kai baki.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damunmu. Duk bayanin nan a kan mesa ne da ire-irenta marasa dafi. Mun ji waɗansu samari masu ƙwazo suna sha'awar ajiye kumurci ko gamsheƙa don sun ga gardawa suna wasa da su a bakin kasuwa, wai an cire musu haƙori. Haƙorin dafi in an cire wani ke tsirowa, gama akwai waɗansu jere a bayansa suna jira. A nan Zariya ne, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, likitan nan David Warrell da abokan aikinsa suka yi binciken saran kububuwa da kasa da gamsheƙa cikin shekarun 1970, suka bayyana yadda dafin kububuwa ke hana jini daskarewa har mutum ya yi ta zubar da shi ta dasashi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, ta kuma ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara. Shugaban makarantar da ya yarda aka shigo da mai dafi cikin aji, ba mu san abin da zai faɗa wa iyaye ba.

Su kuma ma'aikata mazauna tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birni, in an tsinci saɓa a rumbu ko a azarar zaure, ita kanta ba ta da dafi, abin da aka yi farce da gashi da shi ne aka yi ta. Amma shaida ce mai ita yana kusa, ɓeraye ne kuwa suka gayyato shi. A toshe ramuka, a janye tarin itace daga jikin ɗaki, a riƙa fita da fitila da takalmi in dare ya yi.

Mesar malamin nan ta rayu. Ya wanke mata raunin, ya sa mata kasko da tukunya, ta yi tuɓa guntu-guntu a karon farko. Maciji mai rauni yakan ƙara yawan saɓa, kowace kuwa tana rage tabon. Da muka koma bayan wata biyu, mun tarar ta yi wata cikakkiya tun daga leɓe har wutsiya, malamin ya manna ta jikin kwali ya rataye a bango, yara suna nuna wa baƙi gilasan idon nan biyu. Kwana 3 bayan tuɓar aka miƙa mata mataccen ɓera, ta karɓa.